Da Munka Ɓoye Maigida a Rumbu

Shekarun nan da sunka biyo bayan babban fari, abin da ya rage muna na dabba a gida jaki ɗaya ne, sai ƴan kaji. Awaki sun tafi, tumaki sun tafi, saniyar surukina ma yanke ta anka yi tun ba ta faɗi da kanta ba. Jakin nan kuwa ya ƙi mutuwa. Baƙi ne, kunnenshi ɗaya a tsage, ga taurin kai irin na mai shi. Garinmu na bisa tudun duwatsu tsakanin Buza da Garhanga, rijiya kuma tana can ƙasa cikin fadama. Macen da ba ta taɓa hawo tudun nan da tulu bisa kai da goyo a baya ba, ba ta san darajar jaki ba. Ni na sani, wuyana ma har yau bai manta ba.

A lokacin nan masu kaki na bariki, waɗanda muke ce ma gardi, suna da wata ɗabi'a da sunka sa ma suna aro. Ranar kasuwa sai ɗayansu ya tsaya bakin hanya shina duban jakan da ke shigowa, ya zaɓi mai ƙarfi, ya ce a ba shi aro za a ɗauko ma bariki ruwa ko itace. Ba dukansu ke yi ba, in faɗi gaskiya, akwai masu tsoron Allah cikinsu. Amma wani jakin sai ya dawo da gyambo a baya, wani kuwa sai dai labari. Ba mai cewa uffan. Mutum ya sauke kayanshi, ya miƙa igiya, har ya ƙara da godiya.

Wata ranar kasuwa maigidana ya ɗora ma jaki igiyoyin kaba da ya tufka, ya tafi. Da la'asar sai ga shi ya shigo a ƙasa, rabin kayan bisa kanshi.

Na ce, "Ina jaki?"

Ya sauke kaya, ya nemi ruwa ya sha, sannan ya ce, "An are shi."

"An are shi! Kai kuma kana tsaye kana kallo kamar an dasa ka? Gobe da mi za mu ɗauko ruwa, da rawaninka?"

Ya ce, "Ai da kallon na yi da ya fi."

Ashe da gardin ya kama igiya, maigida ƙin saki ya yi. Wannan ya ja, wancan ya ja, jaki ya ga abin ya ishe shi ya fizge. Gardi ya yi tangal-tangal, hularshi ta faɗi, ta gangara ta tsaya cikin kashin jakai, gaban ƴan kasuwa duka. Wani marar hankali ya kece da dariya. Nan maigida ya saki igiya. Gardin ya ɗauki hularshi ya kaɗe, ya nuna shi da yatsa ya ce, "Za ka gani." Ya ja jaki ya tafi.

Ni da anka sani da baki tun ina gidanmu, rannan faɗan na bari, na nemi wuri na zauna. A wajenmu kowa ya san hular hukuma ba ta taɓa ƙasa a banza. Wanda ya kayar da ita kaso za shi, wato gidan yari, kuma mun ga yadda mutane ke fitowa daga kaso. Na manta da jaki, na manta da ruwa. Tsoro ɗaya ya cika mani ciki: za su zo su tafi da uban ƴaƴana, ga damina ta matso, ga tsoho a gida ba ya iya riƙe kalme ya yi noma.

Ba a daɗe ba kuwa, wata rana da hantsi muna daka sai munka ji kukan mota tana hawo tudu. Garinmu mota ba ta zuwa da alheri, in ba ta masu lambar rigakafi ba. Surukina, mahaifin maigida, bai tsaya shawara da kowa ba. Ya ce, "Rumbu!"

Rumbunmu irin na Adar ne, na laka, ƙato kamar randa, ƙofarshi a bisa, an kife ta da jinka. Gero ya yi ƙasa a shekarar, wuri ya samu. Maigida ya hau tsani ya zura, ƙanenshi ya mayar da jinka, anka kwantar da tsani jikin danga kamar ba a yi ba.

Wanda ya fito daga motar ba mai kaki ba ne, wani ne da riga da wando na ƴan biro, ma'aikatan ofis. Ya sauka ƙofar maigari ya tambayi mai baƙin jaki. Maigari ya ce ai ya tafi ci-rani. Ina? Wani ya ce Abijan, wani ya ce Legas, sunka harari juna, anka tsaya kan Abijan. Anka kira ni. Na zo na durƙusa na ja mayafi na rufe fuska, na ce ya tafi ya bar ni da ƴaƴa ko sallama babu. Wallahi hawaye na gaske na yi, don tsoron na gaske ne. Mutumin ya yi ta wani bayani, wai kwamanda mai mulkin yankinmu na neman shi ranar kasuwa, wai akwai zama. Mu dai abin da kunnenmu ya ɗauka shi ne kwamanda na neman shi. Sauran duk ya bi iska.

Mota ta tafi, amma surukina ya ce kada ya fito, dabara ce, za su komo. Sunka komo ɗin kuwa, anka sake ba su Abijan. Daga nan maigida ya tare a rumbu. Sai gari ya yi tsit ya sauko ya miƙe ƙafa, kafin masu zuwa rijiya su fito ya koma. Ni kuma in hau tsani da ƙwarya kamar mai ɗibar gero, fura na ciki an rufe da faifai. In leƙa in gan shi zaune bisa dammuna, zufa na zuba, ƙaiƙayi ya bi jikinshi duka, shina susa kamar mai ƙazwa. Ga zafin bazara. Ɗiyata ƙarama, da anka ce mata babanta na Abijan, ta zo ta ce mani wai rumbu na tari. Na ce ɓera ne, ta ce ɓeran ya iya salati.

Gari duka ya sani, gari duka ya rufe baki. Har liman, in an tambaye shi, sai ya ce shi dai bai gan shi a masallaci ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ni ko na koma hawan tudu da tulu bisa kai, safe da marece. In na tuna wanda ya ja muna wanga abu sai in ji kamar in cinna ma rumbun wuta, in na hau tsani na gan shi kuma sai tausayi ya kama ni.

Ana haka, ana jibi kasuwa, sai ga wata tsohuwa ta yi sallama tana haki. Mai gishiri da kanwa ce a kasuwa, ita ce babbar matan kasuwa, ƙawar uwata ce tun suna ƴan mata, Inna nake ce mata. Mace ce mai jiki, hawan tudunmu ya kusa kashe ta. Ta zube bisa tabarma, ta shanye ruwa moɗa biyu, ta gaida surukina, sannan ta juya ta ƙura ma rumbu ido.

Ta ce, "Ɗiyata, an ce mijinki na Abijan."

Na ce, "Haka ne, Inna."

"To ki gaya ma Abijan ɗin ya buɗe kunne da kyau, don ba ni iya hawan tsani."

Kunya ta kama ni, na sunkuyar da kai. Ta ɗaga murya yadda na cikin rumbu zai ji, ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce kwamandan da ke nan yanzu, wanda ƴan lakwal, masu karatun boko, ke ce ma sufurufe, farar hula ne, bai taɓa sa kaki ba. Ya kafa wani zama da ake yi ranar kasuwa lokaci-lokaci, inda mutanen gari ke zaunawa a ji kukan talakawa game da masu kaki. Akwai liman na babban masallaci, akwai wakilin sarki, akwai mushen lakwal mai koyar da yara, akwai wani malamin asibiti Kirista, sai ita a madadin mata. Ta ce gabanta anka yi rigimar jaki, tana zaune bayan tallarta, kuma ita da bakinta ta kai kukan.

"Anka kira gardin, ya ce mijinki marin shi ya yi ya gudu. Munka ce ba mu yarda da baki ɗaya ba, a kira mai jaki. Anka aiko mota har sau biyu, kunka ce ya tafi Abijan. To mi kunka yi ke nan? Kun tabbatar ma gardi maganarshi! In jibi bai zo ba, zancen mari da gudu shi zai tsaya, a miƙa ma jandarma. Su kuwa in sun zo, ba maigari za su tambaya ba, rumbunan garin nan ɗaya bayan ɗaya za su buɗe."

Ashe duk wahalar nan da muke sha, da hannunmu muke tura shi kaso.

Surukina ya girgiza kai. Tsoho ne da ya yi aikin tilas na hanya zamanin Nasara, tabon bulala na nan a bayanshi har ya rasu. Ya ce, "Hajiya, na ji, kuma na san ba ki nufe mu da sharri ba. Amma tarko ne, ke ma an rufe ki. Na tsufa a duniyar nan, ban taɓa ganin inda mai kaki ya zauna talaka na tambayar shi ba. Ɗana ba shi zuwa."

Inna ta yi magiya, ta yi faɗa, ta rantse. Tsoho ya kafe.

To ni tun da anka kawo ni gidan nan ban taɓa ɗaga ido na dubi surukina ba, balle in mayar mashi da magana. Kunyar suruki a wajenmu ba wasa ba ce. Ban kuwa mayar mashi ba ko rannan. Tashi na yi, na ɗauko tsani na jingina, na hau, na sa kafaɗa na ture jinka ta faɗo ƙasa tim, da rana tsaka, maƙwabta na leƙowa ta bisa danga. Na ce, "Maigida, ka ji da kunnenka. Ni dai na gaji da kai ma ɓera fura."

Ya ɗago kai ya fito, fari fat da ƙaiƙayi, idanu jajaye. Ya sauko ya durƙusa gaban mahaifinshi ya ce, "Baba, ka yi mani gafara, zan tafi. In ma kason ne, na bariki ya fi, can aƙalla mutum na miƙe ƙafa."

Tsoho ya kau da kai. Ya tashi ya shiga ɗaki. Na san ya yi fushi da ni, na kuma san in abin ya ɓaci ni ce za a nuna har abada, a ce ga wadda ta buɗe rumbu.

Ranar kasuwa munka kama hanya a ƙasa, ni da shi. Ban yarda da maganar Inna ɗari bisa ɗari ba, kada in yi ƙarya. Na naɗe mashi bargo, na ƙulla mashi garin gero da ƴar ƙuli-ƙuli, irin guzurin da ake ma wanda za a rufe. Duk tsawon hanya ƙarar susarshi ce ta raka mu.

Gaban biron kwamanda, ƙarƙashin itatuwan bedi, wato dogon yaro, an shimfiɗa tabarmi. Mutanen da Inna ta lissafa suna zaune a jere, ita tana gefe ta baje kamar a rumfarta. Kwamanda na bisa kujera da ɗan tebur gabanshi, wani siririn mutum da tabarau, in a kasuwa na gan shi sai in ce tela ne. Babban masu kaki na tsaye a bayanshi. Ƴan kasuwa sun taru daga nesa-nesa, kowa na son gani, ba mai son a gan shi.

Anka kira gardin. Ya taho shina taka ƙasa da manyan takalma. Ya ƙame ya sara. Sai kwamanda ya ce mashi da Hausa, kowa na ji, ya cire ɗamara da hula ya ɗora bisa tebur, ya zauna a tabarma. Ya cire. Ya zauna, tabarma ɗaya da maigidana, gwiwa kusa da gwiwa. Na dube shi ba hula, ashe yaro ne, bai kai ƙanena ba, ga kunnuwa fato-fato. La'ilaha illallahu! Wanga ne ya hana garinmu barci?

Kwamanda ya juyo ga maigida ya ce, "An ce ka tafi Abijan."

"Ranka ya daɗe, ban kai ba."

"Ina ka tsaya?"

Maigida ya sosa wuya, ya sosa haƙarƙari, ya ce, "Rumbu."

Wuri ya kece da dariya, liman har da riƙe ciki. Kwamanda ma ya murmusa, amma bai daɗe ba ya daina. Ya tambaye shi dalili, maigida ya ce tsoro. Sai ya waiwaya ya dubi babban masu kaki ya ce, "Ka ji ko? Shi anka ƙwace ma jaki, shi ne kuma ya ɓuya." Babban ya sunkuyar da kai.

Daga nan kwamanda bai ƙara sa baki ba, mutanen tabarma sunka karɓi tambaya. Wakilin sarki ya sa maigida ya faɗi yadda anka yi tun daga farko, ya faɗa bai rage ba, har jan igiyar da ya yi. Malamin asibiti, cikin sanyin murya, ya tambayi gardin wane kunci anka mara, wa ya gani, don mi bai zo an duba shi ba. Gardi ya yi ta inda-inda. Mushen lakwal ya tambayi babbansu ko akwai wanda ya ba da umarnin aron jakai. Ya ce babu. Sannan Inna ta gyara zama ta ba da shaida, ta ce ba wanda ya mari kowa, jaki ne ya kayar da hula, in kuwa za a rufe wani a kan hula to a rufe jakin. Da mutane sunka ga ba a ci kowa ba, sai ga wani Bafillace ya matso ya ce shi ma an ari nashi tun kaka. Wani ya biyo shi. Bakin mutane ya buɗe, har sai da liman ya ɗaga hannu.

Sunka haɗa kai sunka yi ƙus-ƙus, wakilin sarki ya faɗi abin da sunka yanke, kwamanda ya ce ya amince. Aro ya ƙare daga rannan. Jakan da ke bariki a mayar ma masu su. Namu kuwa, gardin da ya ja shi shi zai kai shi har ƙofar gida da ƙafarshi, Inna ta bi ta gani da idonta. Sauran horonshi tsakaninshi da manyanshi, ban san mi sunka yi mashi ba. Maigida ma bai tsira da faɗa ba: liman ya ce kada ya sake jan igiya da hukuma, in an cuce shi ga tabarma nan, ya kawo kuka.

Maigida ya ce, "To, ranka ya daɗe, yanzu ina za a kai ni?"

Kwamanda ya ce, "Gida. Ko rumbun kake marmari?"

Na zauna bisa bargon da na naɗo mashi na kaso, na fashe da kuka gaban jama'a, ba kunya ba kome. Daɗi ne, wani irin daɗi da ban taɓa ji ba ko ranar da na haifi ɗan fari. A hanyar komawa munka zauna gindin wata aduwa munka kwance guzurin, munka cinye ƙuli-ƙulin tas, muna dariya kamar mahaukata.

Zaman nan bai dawwama ba. Bayan an ɗauke kwamandan an ci gaba kaɗan, sannan abin ya yi sanyi, kamar yadda abubuwanmu ke yi. Amma aron jakai dai bai sake dawowa ba muddin ina garin.

Washegarin kasuwa da hantsi, na dawo daga rijiya ke nan na sauke tulu, sai na ji yara na ihu. Na leƙa. Ga gardi na hawo tudu a ƙasa, kaki ya jiƙe sharkaf, shina jaye da baƙin jakinmu, ga Inna zaune daram bisa jakin tana ba shi umarnin inda zai taka. Gari duka ya fito.

A wajenmu in mai kaki ya tako ƙofar gidanka, kome ya kawo shi, ba ya komawa hannu wofi. Haka munka tashi munka tarar. Surukina, da bai yi mani magana ba tun ranar jinka, ya dube ni ya nuna kaji da haɓa. Ni ma ban tsaya tunani ba, kafin su ƙaraso na riga na cafke jar kazata mai ƙwai na ɗaure mata ƙafafu.

Gardin ya yi sallama. Ya miƙa ma surukina igiyar jaki da hannu biyu, ya ce, "Baba, ga dabbarku. A yi haƙuri." Tsoho ya karɓa. Na matso na durƙusa na miƙa kaza. Hannun yaron ya taho da kanshi, don ya saba. Sai ya tsaya, ya saci kallon Inna, ita ko ta kafe shi da ido. Ya janye hannu ya sa a baya.

Ya ce, "A'a. In da ruwa dai, a taimaka mani."

Na ɗebo mashi daga tulun da na hawo da shi bisa kaina da safen nan. Ya tsuguna bakin ƙofa ya sha, ya yi godiya, ya juya ya gangara.

Na tsaya da kaza a hannu ban san yadda zan yi da ita ba. Surukina ya daɗe shina kallon bayan yaron har ya ɓace cikin duwatsu. Sannan ya juyo, ya dube ni ido cikin ido, karo na farko tun da na shigo gidanshi. Idanunshi sun kawo ruwa. Ya ce, "Ɗiyata, kwance ta."

Na kwance mata ƙafafu, ta ruga ta shige ƙarƙashin rumbu.